OpenGL ya mutu ne? Amsa ga mai neman yaren zanen da zai koya

Wani ɗalibin ilimin kwamfuta ne ya aiko da tambaya. Yana son ya fara rubuta manhajar zane mai fuska uku, irin ta wasannin kwamfuta da taswira, amma duk inda ya juya sai ya ji magana daban. Wasu sun ce masa OpenGL, ɗaya daga cikin yarukan da manhaja ke ba katin zane umarni da su, ya mutu. Wasu sun ce DirectX na Windows ne kaɗai, ita kuma Windows ɗin ƙarfinta ya fara raguwa. Vulkan kuwa an ce wahalarsa ta fi ƙarfin mai koyo. Sai ya rufe da cewa: "Wanne zan kama wanda ba zai mutu a hannuna ba nan da shekara goma?"

Ƙanena, fargabarka tana da tushe, kuma ba zan ɓoye maka ba: babu mai iya yi maka alkawarin yaren da zai kai shekara goma yana kan gaba. Dalili shi ne ba kyawun yare ke raya shi ko kashe shi ba, masu babbar manhaja ne ke yanke wannan hukunci, kuma suna yanke shi ne gwargwadon kasuwarsu. Sai dai akwai abin da ya faru a 'yan shekarun nan wanda ya rage haɗarin kuskuren zaɓe ƙwarai da gaske. Ka yi haƙuri mu bi ta baya tukuna, don maganar ba ta fitowa sai da tarihinta.

Katin zane, wanda ake kira GPU, inji ne mai dubban ƙananan ma'aikata da ke yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda. Manhajarka ba ta yi masa magana kai tsaye. Tana amfani da wani yare da aka amince da shi, wato abin da masu sana'ar ke kira API, sai direban da kamfanin katin ya rubuta ya karɓa ya mayar da shi umarnin da katin ke ji. A tsakiyar wannan ciniki akwai mai gida, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ko Windows ce, ko macOS, ko Android, ko Linux. Ita ke da taga, ita ke da allo, ita ke cewa wane direba zai shigo da kuma ta wace ƙofa. Riƙe wannan, domin duk rigimar shekara talatin a nan take.

A 1992 kamfanin Silicon Graphics ya fitar da OpenGL, ya ciro shi daga nasa yaren na cikin gida mai suna IRIS GL, ya miƙa ragamarsa ga wani kwamiti na kamfanoni. Manufar ita ce ka rubuta sau ɗaya, ya yi aiki a kowace na'ura. Microsoft ma yana cikin kwamitin. Amma a 1995 sai ya sayi wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna RenderMorphics, kuma daga aikinsu Direct3D ya fito a 1996 a cikin DirectX. Na farkon bai yi daɗin aiki ba ko kaɗan. John Carmack, wanda ya rubuta injin wasan Quake, ya fito fili a ƙarshen 1996 ya soke shi, ya zaɓi OpenGL. A wancan lokacin kuma akwai na uku, Glide, na kamfanin 3dfx mai katin Voodoo, wanda masu wasanni suka fi so saboda gudu. Ka lura da ƙarshen Glide: yare ne na kati ɗaya tilo, don haka da 3dfx ya durƙushe, Nvidia ya sayi kadarorinsa a ƙarshen 2000, shi ke nan Glide ya bi shi.

Direct3D bai ci kasuwa don ya fi kyau tun farko ba. Ya ci ne don Microsoft yana gyara shi kusan kowace shekara, yana ba masu rubuta wasanni kayan aiki da taimako, ga Xbox da ya fito a 2001 yana jin yare mai kama da shi, alhali kwamitin OpenGL yana ta jan ƙafa saboda kamfanonin da ke cikinsa kowa da inda ya sa gaba. Microsoft ya fice daga kwamitin a 2003. Har yau ɗin nan, OpenGL ɗin da Windows ke zuwa da shi na kanta sigar 1.1 ce, ta shekarun 1990. Duk abin da ya haura wannan daga direban kamfanin katinka yake zuwa.

Na ga wannan da idona. Na taɓa rubuta wa wani ofishin masu awon filaye 'yar manhajar da ke nuna taswirar tudu da kwari, mutum ya juya ta da linzami. A kwamfutata tana tafiya sumul. Ranar da na kai ta, sai taga ta buɗe baƙa ƙirin, babu ko ɗigo. Na sa layi ɗaya ya buga min sunan direba da sigarsa, sai ga "GDI Generic" da "1.1.0". Ashe mai gyaran da ya sake ɗora musu Windows bai saka direban katin ba, sai na'urar ta koma kan tsohon OpenGL na gado, wanda bai san komai ba a cikin abin da na rubuta. Minti ashirin muka yi muka sauke direba, taswira ta fito. Tun daga ranar duk manhajar da na rubuta, abu na farko da take yi shi ne ta tambayi na'ura abin da take iyawa, ta faɗa wa mai ita da baƙaƙen da zai karanta idan akwai matsala.

Tsoron da kake ji yau an taɓa jin irinsa, har ya fi haka. A 2005, ana shirin fitar da Windows Vista, labari ya bazu cewa za a ɗora OpenGL ne a kan Direct3D, a tsayar da shi a tsohuwar siga, gudunsa ya ragu. Hankalin masu manhajojin injiniya da zanen gine-gine ya tashi, aka yi ta ƙorafi, daga baya aka bar direbobin kamfanoni suka ci gaba da aiki kamar da. Vista ta fito a farkon 2007 da Direct3D 10, wanda aka hana wa Windows XP don a ja mutane zuwa sabuwar. Sannan OpenGL 3.0 ya fito a 2008, bayan ragamar ta koma hannun Khronos, wata ƙungiyar kamfanoni mai tsara irin waɗannan yaruka, a 2006, kuma bai zo da babban gyaran da aka yi ta alkawari ba. Mutane da yawa a lokacin suka yi masa sallar gawa.

Abin da ya tashe shi bai fito daga cikin kwamfutar tebur ba. Waya ce. iPhone ta fito a 2007, Android a 2008, dukkansu da ƙaramin ɗan'uwansa OpenGL ES. Kafin a ankara, yaren da aka ce ya mutu ya shiga aljihun mutane fiye da yadda Direct3D ya taɓa shiga gidajensu. A 2011 WebGL ya kai shi cikin burauza. Wato gasar manyan manhajoji ce ta kusa binne shi, ita ce kuma ta tono shi, ba tare da shi kansa ya canza wani abin kirki ba.

Matsalarsa ta gaske ta fasaha ce, kuma ya kamata ka fahimce ta. An tsara OpenGL ne a zamanin da kati yake da ayyuka ƙayyadaddu. Yana aiki kamar babban allo mai makunnai da yawa: ka kunna wannan, ka kashe wancan, ka ce a zana. Direba ne ke ɗaukar nauyin komai a ɓoye, shi ke hasashen abin da kake nufi, shi ke raba ma'adana, shi ke duba kuskure, kuma kusan duk a kan zare ɗaya na kwakwalwar kwamfuta. Da kwamfutoci suka zama masu kwakwalwa huɗu da takwas, sai ya zama ɗaya na haƙilo saura na zaune, kati kuma na jiran umarni. AMD ne ya fara fasa wannan da Mantle a 2013. Apple ya fito da Metal a 2014, Microsoft da Direct3D 12 tare da Windows 10 a 2015, Khronos kuma ya karɓi Mantle ya gina Vulkan a kansa, ya fito a Fabrairun 2016. Metal da Direct3D 12 da Vulkan, dukkansu ukun tunani ɗaya ne: a sauke kayan daga kan direba a ɗora wa mai rubuta manhaja.

Abin da ya fi ba ni takaici a tarihin nan shi ne wannan gaɓar. An samu dama a haɗu a kan yare ɗaya, tunda duk sun yarda da hanya ɗaya, amma aka tashi da uku. Apple yana cikin waɗanda suka zauna a teburin Khronos, shi ne ma ya kawo OpenCL, yaren sa kati lissafin da ba na zane ba, tun farko, amma bai taɓa saka Vulkan a na'urorinsa ba. A 2018 ya sanar da cewa OpenGL da OpenCL sun zama tsofaffin da ba zai ƙara kula da su ba, ya bar OpenGL a siga 4.1 ta 2010. Kada wani ya ce maka injin ne ba zai iya ba. A 2024 masu aikin Asahi Linux, waɗanda suka binciko yadda katin Apple M1 ke aiki ba tare da takardun kamfanin ba, sun fitar da direban OpenGL 4.6 da ya ci jarrabawar Khronos a kan wannan injin dai. Shawarar kasuwa ce: wanda ya rubuta da Metal ya zauna a gidan Apple.

Shi kansa OpenGL siga ta ƙarshe da ya samu ita ce 4.6 a 2017. Ba a sa ran wata. Sabbin abubuwa irin su bin sawun haske, wato lissafa hanyar da haske ke bi don hoto ya yi kama da na gaske, wanda Microsoft da Nvidia suka fito da shi a 2018, Vulkan kuma ya kammala nasa a 2020, ba su shiga cikinsa ba. Idan wannan ake nufi da mutuwa, to, ya daina girma. Amma daina girma daban, daina aiki daban, kuma a nan ne labarin ya juya.

A 2012 Gabe Newell, shugaban Valve mai kasuwar wasanni ta Steam, ya kira Windows 8 bala'i, saboda tsoron kada Microsoft ya rufe ƙofa ya ce sai ta shagonsa za a sayar da manhaja. Valve ya kai Steam kan Linux a 2013, ya fito da na'urorin Steam Machine a 2015, suka faɗi warwas, don masu wasanni ba su ga dalilin sake rubuta wasanninsu saboda 'yan tsirarun masu saye ba. Sai Valve ya canza dabara. Maimakon ya roƙi mutane su bar Direct3D, sai ya zuba kuɗi a kan tafinta. Tafinta a nan manhaja ce da ke zama a tsakiya: wasa ya yi magana da Direct3D yana zaton Windows ce ke saurare, ita kuma ta juya maganar nan take zuwa Vulkan. DXVK, wanda Philip Rebohle ya fara, yana fassara Direct3D 9 zuwa 11, VKD3D-Proton yana fassara na 12, aka haɗa su da Wine, manhajar da ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux, a cikin Proton, wanda ya fara fitowa a 2018. Da Steam Deck ta fito a Fabrairun 2022, na'ura ce mai Linux da ke tafiyar da dubban wasannin Windows waɗanda masu su ba su taɓa ko layi ɗaya ba.

Me ya sa fassarar ta yiwu ba tare da gudu ya zube ba? Saboda Vulkan yana ƙasa sosai, kusa da ƙarfen. Wahalar nan da aka tsorata ka da ita, ita ce ta sa ya dace da zama harsashin gini. Tafinta yana buƙatar yaren da ba ya yi masa hasashe, wanda zai ce masa ajiye nan, jira can, kuma ya yi hakan daidai.

Yanzu dubi yadda tafintoci suka cika gari. ANGLE na Google, tun 2010, yana juya OpenGL ES zuwa Direct3D, shi ya sa WebGL ke aiki a Chrome a kan Windows, yau kuma yana juyawa zuwa Vulkan da Metal. MoltenVK, wanda aka saki kyauta a 2018, yana ɗora Vulkan a kan Metal. Zink na cikin Mesa, tarin direbobin zane na Linux, yana ɗora OpenGL a kan Vulkan. Microsoft da kansa, tare da kamfanin Collabora, ya sanar a 2020 da aikin ɗora OpenGL a kan Direct3D 12, wato abin da aka yi wa bore a 2005 ya dawo a matsayin taimako ga na'urorin da ba su da direban OpenGL. Apple ma a 2023 ya fito da kayan aikin da ke gwada wasannin Direct3D 12 a kan Metal. A Satumban 2024 Microsoft ya ce nan gaba DirectX zai karɓi SPIR-V, wato tsarin da Vulkan ke amfani da shi wajen ajiye ƙananan manhajojin da ke gudana a cikin kati, waɗanda ake kira shader, ni kuwa nakan ce musu marina don su ke rina kowane ɗigo na allo. A Maris 2025 Google ya ayyana Vulkan a matsayin yaren zane na Android a hukumance, OpenGL ES kuma zai riƙa bi ta ANGLE.

Ma'anar wannan a gare ka ita ce abin da ka rubuta yau da wuya ya zama marar amfani. Yare yakan sauka daga matsayin ɗan gida ya koma baƙon da ake yi wa fassara, amma ana ci gaba da jin sa. Ko Glide ɗin da ya mutu tun 2000 akwai tafintocinsa da masu son tsofaffin wasanni ke amfani da su.

Ban ce komai ya daidaita ba. Windows har yanzu ita ke riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari na masu amfani da Steam, Linux kuwa 'yan kaso kaɗan ne, kuma manyan wasanni irin su Fortnite da Valorant ba sa tafiya a Linux saboda manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, abin da tafinta ba ya iya kwaikwaya. An daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ta ƙi tsofaffin kwamfutoci da yawa, don haka wasu za su koma Linux, wasu su zauna a kan tsohuwar haka nan. Apple na iya cire OpenGL gaba ɗaya duk ranar da ya ga dama, kuma fassara zuwa Metal kullum tana da 'yan gibi. PlayStation na da nata yaren na sirri wanda sai mai lasisi ke gani. Abin da ya fi damuna kuma shi ne hankalin masu ƙera kati ya koma kan ƙirƙirarriyar basira. Mafi yawan kuɗin Nvidia yanzu daga cibiyoyin bayanai yake fitowa, kuma ƙarfinsa a can ya dogara ne da CUDA, yaren da ke aiki a katinsa kaɗai. Sabbin dabarun gyara hoto irin su DLSS su ma na kati ɗaya ne. Ina jin ƙanshin zamanin Glide a nan, kuma ina ganin rigimar gaba za ta fi zama tsakanin masu kati fiye da tsakanin masu babbar manhaja.

To, me za ka kama?

Fara da duba na'urar da ke gabanka da ta mutanen da kake rubuta wa. Idan kwamfutarka irin ta hannu ce da ake kawowa daga Turai, mai katin Intel na ciki, ka sani direban Vulkan na Intel a Windows daga zuriya ta shida ya fara. Mai HD 4000 ta 2012 ba za ta ba ka Vulkan a Windows ba, amma za ta ba ka OpenGL 3.3 lafiya lau. Haka wayoyin da suka cika kasuwa irin ta Farm Center a Kano, su Tecno da Infinix da itel, akasarinsu katin Mali ko PowerVR ne a ciki, kuma a ƙananan wayoyi da tsofaffi hanyar OpenGL ES ta fi daɗewa ana taka ta, don haka ta fi santsi. Wannan ne ya sa injin haɗa wasanni na Godot, da ya koma Vulkan a siga ta 4 a 2023, ya ajiye hanya ta biyu mai OpenGL don irin waɗannan na'urori.

Shawarata ita ce ka fara da OpenGL 3.3 na zamani, ko OpenGL ES 3.0, ka guji tsofaffin darussan da ke koyar da glBegin da glEnd. Da tsohuwar zuma ake magani. A cikin layi ɗari da 'yan kai za ka ga alwatikarka ta farko a allo, siffar da mai koyo ke fara zanawa, daga nan hankalinka ya tafi kan abin da ba ya tsufa: lissafin jadawalin lambobi da ke juya abu a sarari, yadda ake jera kusurwoyi a ma'adanar kati, yadda ake shimfiɗa hoto a jikin siffa, yadda zurfi ke hana na baya rufe na gaba, yadda haske ke sauka a kan fata ko ƙarfe, da rubuta marina. Wannan ilimin ya fi rabin sana'ar, kuma da shi za ka shiga kowane yare.

Alwatikar farko a Vulkan takan ci layi kusan dubu. Lokacin da na rubuta tawa, kwana uku na yi ina zaɓen kati, ina buɗe layin umarni, ina tsara jerin hotunan da za su riƙa musanya a allo, kafin na ga launi ɗaya. Bayan wata guda kuma hoton ya riƙa ƙyaftawa a wata waya alhali a kwamfuta lafiya yake, ashe na manta shinge ɗaya da ke hana kati karanta hoto kafin a gama rubuta shi. Katin tebur ya rufa min asiri, na waya ya tona. Wanda bai san me ake zanawa ba tukuna, irin wannan zai sa ya ajiye aikin. Wanda ya riga ya sani kuwa zai ga cewa duk abin da direban OpenGL ke ɓoye masa ne aka baje a gabansa. Saboda haka Vulkan ya zama na biyu, bayan wata shida ko shekara, kuma ka fara daga siga 1.3 ta 2022 wadda ta rage dogon shiri, ka kunna matakan binciken kuskure tun ranar farko. Idan ka iya shi, Direct3D 12 da Metal sunaye ne kawai za su canza maka.

Akwai hanya ta tsakiya da nake ƙara yarda da ita, wato WebGPU. Ya shiga Chrome a 2023, Firefox da Safari suka biyo a 2025. Apple da Google da Microsoft da Mozilla duk sun zauna a kan tsara shi, abin da bai faru da Vulkan ba. Tunaninsa na zamani ne amma ya ɗauke maka shingaye da rabon ma'adana, kuma a ƙarƙashi yana magana da Direct3D 12 ko Metal ko Vulkan gwargwadon inda ya tsinci kansa. Ba a burauza kaɗai yake ba, ana amfani da shi a manhajar tebur ta hanyar Dawn ko wgpu. Idan na'urarka na ɗaukarsa, za ka iya farawa da shi a maimakon OpenGL. Illarsa ita ce yakan makara wajen samun sabbin abubuwa, don sai kowa ya yarda.

Idan kuwa burinka ka gama wasa ka sayar ne, ba ka zama mai ƙera inji ba, ɗauki Godot ko Unity ko Unreal ka bar su su yi wannan faɗan a madadinka.

Abu na ƙarshe na aiki ne. Duk yaren da ka zaɓa, kada ka bar kiransa ya watsu a ko'ina cikin manhajarka. Ware masa fayil biyu ko uku, sauran manhajar ta riƙa cewa "ɗora wannan siffa", "zana wancan", ba tare da ta san wa ke amsawa ba. Manhajar taswirar nan da na ba ka labari haka na sake gina ta bayan abin da ya faru, kuma da suka nemi ta yi aiki a burauza, fayil uku na taɓa, sati biyu aikin ya ɗauka.